Muryar Bara'atu a Ɗakin Madubi

Samaru, Zariya
19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashiyata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Muntasir da yaronmu Yazid. Ya baƙunta a Safana? Ya ƙafar Kawu Maude, ta bar kumburin? Ni lafiya lau, sai 'yar mura da ta ƙi sakina.

Rabona da in riƙe biro don wasiƙa tun muna sakandare. Tun da aka yanke sabis a yankinku nake kiran layinki kamar mahaukaciya, har Allah ya haɗa ni da Ɗanjuma direba a tasha, ya ce yana ratsa Safana duk mako. Don haka ki shirya, na samu hanyar damunki.

Kin san shekarar ƙarshe nake a sashen wasan kwaikwayo, kuma dole kowa ya fito da aikinsa na kammalawa. 'Yan ajinmu duk dandamali suka nufa, a tara jama'a a yi tafi. Ni na ce a'a. Wasana ɗan kallo ɗaya ne tak. An ba ni wani ɗan ɗaki da ake ajiye tarkace, na share shi, na shimfiɗa tabarma, na kafe allon kwamfuta a bango na yi masa katako kewaye kamar madubi. Mutum zai cire takalmi ya shiga shi kaɗai, ya sa iyafis, ya zauna. Kyamara na ɗaukarsa, don haka fuskarsa yake gani. Sai murya ta fara yi masa magana a cikin kunne, kusa-kusa, kamar ta 'yar uwarsa. Can a tsakiya sai fuskarsa ta dushe, tawa ta fito. Ina ɗakin da ke maƙwabtaka, ina kallonsa yana kallona.

Bara'atu, manyan maza na fitowa suna share ido! Malamina ya ce bai taɓa ganin ɗaliba ta kusanci ɗan kallo haka ba. Har daga Kaduna an fara zuwa.

Kuma ki sani, duk wanda ya shiga ɗakin nan ke yake tararwa. Muryarki ba ta bar kunnena ba tun ranar da kika neme ni daga Batsari, ita ce ta riƙe aikin nan gaba ɗaya.

Ki gaida kowa da kowa. Ki aiko mini da ƙuli-ƙuli, na Zariya kamar tsakuwa.

Taki,
Surayya

*

Safana
26 ga Satumba, 2021

Surayya 'yar Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, mun gode Allah da kike lafiya. Ki sha citta da kanumfari don murar. Baba ƙafa ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci da kansa. Yazid ya fara tsayuwa yana dafa bango.

Na karanta bayanin wasanki na yi dariya har Yazid ya tsorata. Wasan da mutum ɗaya ke kallo? A garinmu hira ake ce masa, kuma ba a ba da digiri a kansa. Amma ke tun muna yara ba kya wuce randa ba ki leƙa fuskarki ba, don haka ban yi mamakin madubin ba.

Mu dai ga mu nan. Na samu aji a Islamiyyar unguwa, ina koya wa matan aure karatu da hantsi. Muntasir yana zama a rumfar ƙaninsa Tayyib, inda ake cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Da aka yanke sabis ma kasuwarsu ta ƙaru, tun da ba abin da waya ke yi sai kallo. Ba ya son aikin. Manomi ne, geronmu can bayan Wagini ya nuna, ba mai zuwa yankansa. Magana ta yi masa wuya tun da muka baro gida.

Abin da kika ce game da muryata ya sanyaya mini rai. Wallahi ranar nan ban da ke ban san wanda zan faɗa wa ba. Ko Inna ban buɗe wa baki ba har yau. Na ji daɗi da kike tuna ni a cikin aikinki, Allah ya ba da sa'a.

Ga ƙuli-ƙuli nan, kada Ɗanjuma ya ce miki ɗauri ɗaya ne.

Taubashiyarki,
Bara'atu

*

Safana
10 ga Oktoba, 2021

Surayya,

Sallama dai wajibi ce, don haka assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita.

Ranar Talata Muntasir yana zaune a rumfa, wani yaro da ya dawo daga Katsina ya miƙo waya, ya ce a kwafe masa wani bidiyo da ake yayi, a tura wa abokinsa. Rumfar cike da maza. Aka kunna. Wani mai gilashi ne zaune a kan tabarma, ya cire iyafis ya kara a wayarsa, yana ɗaukar kansa yana kuka a gaban madubi. Sai fuskarki ta fito, kin sha kwalli, bakinki na motsi. Amma murya tawa ce.

Saƙon muryar da na tura miki daga gidan Gwaggo Indo a Batsari, ranar da muka tsere. Wanda na ce miki muna gona da hantsi muka ji ƙarar babura, Muntasir ya jefar da fartanya ya yi cikin rafi ya bar ni da goyo. Wanda na ce na kwanta cikin kwazazzabo na cusa wa Yazid nono a baki don kada ya yi kuka, suna wucewa ta samana. Har wurin da na ce, “Ya waiwayo, Surayya, wallahi ya waiwayo ya gan mu, sannan ya ci gaba da gudu.”

Kin goge sunansa, na lura. Sannu da ƙoƙari. Sai dai ba a goge murya. Rabin mazan rumfar matansu a ajina suke. Tayyib ya ce wani dattijo ne ya fara ɗaga kai ya dubi Muntasir, sannan sauran suka bi. Shi kuwa ya gama tura bidiyon, ya miƙa wa yaron wayarsa, ya sa takalmi ya taho gida. Daga bakin Tayyib na ji, ba daga nasa ba.

Yanzu na koma na karanta wasiƙarki ta farko. “Duk wanda ya shiga ɗakin nan ke yake tararwa.” Ni sakara na ɗauka ƙauna kike nufi, har da godiya. Ashe sanarwa kika ba ni, yadda gobe za ki ce ai kin faɗa.

Maganar da na yi miki a kunne, da ƙasar kwazazzabo a zanena, ita kika ɗora wa fuskarki? Me ya same ki ranar nan da za ki motsa baki a kanta? Kina Zariya kina cin indomi.

Ki rufe ɗakin nan. Ba roƙo nake ba.

Bara'atu

*

Samaru, Zariya
31 ga Oktoba, 2021

Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Kawu da Yazid. Motar Ɗanjuma ta lalace, wasiƙarki ta daɗe a hanya, kada ki ɗauka shiru na yi miki da gangan. Ko da yake da ta zo ma sai da na kwana biyu kafin in iya amsawa.

Abin da ya faru a rumfa ya yi mini ciwo. Mutumin nan mai gilashi ya karya doka, a ƙofa aka rubuta ba a ɗaukar hoto. Na neme shi na ce ya sauke, ya ce ai jama'a ta ga tausayinsa, yana taimakon mutanen Batsari ne. Yanzu ana karɓe wayar kowa kafin ya shiga.

Amma ɗaki ba zan rufe ba, kuma zan faɗa miki dalili.

Kin san yadda ake maganarmu a nan? A teburin mai shayi za a ce an sake kai hari yankin Batsari, wani ya ce Allah ya kyauta, wani ya ce a ƙaro sukari. Mun zama labarin da ake ji da rabin kunne. A ɗakina kuwa mutum ba shi da inda zai kai idonsa. Ba ya iya latsa waya ya wuce. Wata malama ta fito ta zauna a dakali ta kasa tafiya, ta ce ita ba ta taɓa tunanin masu gudun nan suna da nono da goyo ba. Wannan ba wasa ba ne, ko da sunansa wasa.

Kin ce me ya same ni. Gidan mahaifina a Karare kango ne yanzu, awakin Inna ko ɗaya ba a bari ba. Don ina Zariya ranar ba ya nufin ni baƙuwa ce. Fuskata kuwa na sa ta ne don in rufe taki. Ta wa kike so in sa?

Kuma bari in faɗi wadda za ta ƙona miki rai. Ba ni na sa Muntasir gudu ba. Wata nawa kuna ɗaki ɗaya, kina kai masa tuwo, yana cewa an gode, kowa na haɗiye abu ɗaya? Ke da kanki kika rubuto cewa magana ta yi masa wuya. Shirun nan ya girmi bidiyon.

Ban tambaye ki ba don na san za ki ce a'a, ni kuma na san aikin ya fi a'arki muhimmanci. Haka na gani a lokacin, haka nake gani yanzu.

Taki duk da haka,
Surayya

*

Safana
7 ga Nuwamba, 2021

Surayya,

Assalamu alaikum. Baba na amsawa. Yazid na fama da haƙori.

“Aikin ya fi a'arki muhimmanci.” Na karanta layin nan a tsaye, na zauna na sake karantawa. Masu baburan ma ba su tambaye mu ba, su ma sun san za mu ce a'a.

Kin ce mutanenki ba su da inda za su kai ido. Suna da shi mana, ke kika ba su: fuskarsu. Mutum ya zauna yana kallon yadda tausayi ya yi masa kyau, in ya gaji da tasa ki ba shi taki. Ni ina ina a ɗakin? Ni ce kiɗan da ake sawa a baya.

Ranar Alhamis a gidan suna, wata Zuwairatu, ɗalibata ce ma, ta matse murya tana cewa “ya waiwayo, ya waiwayo,” mata na ƙunshe dariya a mayafi. Na ajiye kwanon da ke hannuna na ce, “Zuwairatu, ba haka na faɗa ba, ki matso in koya miki. Sai kin kwanta a rami tukuna da ɗanki a ƙirji.” Na gama cin abincina kafin na tashi. Ba zan daina fita ba, ba ni na yi abin kunya ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Muntasir ya daina zuwa rumfa tun ranar bidiyon nan. Shekaranjiya da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce zai je Funtuwa neman aiki. Bai ɗauki jaka ba. Ba sabis balle in kira. Tayyib ya bi tasha bai samu labari ba. In wani abu ya same shi, Surayya, ki nemi wata taubashiyar.

Bara'atu

*

Samaru, Zariya
8 ga Nuwamba, 2021

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ban sani ba ko kin rubuto, wannan ta hannun wani mai motar hatsi na ba da ita don kada ta jira Ɗanjuma. Muntasir yana lafiya. Nan ya zo.

Ranar Asabar bayan azahar na leƙo in kira na gaba, sai na gan shi a kan benci tsakanin ɗalibai, ya ɗora hula a gwiwa. Ashe ya kwana a tasha, ya yi ta tambaya har aka nuna masa sashenmu. Na gaishe shi, ya amsa kamar mun haɗu a biki. Ya ce, “Nan ne ɗakin?”

Na ce, “Yaya Muntasir, zo mu je ka ci abinci, mu yi magana.”

Ya ce, “Ba wurinki na zo ba. Garinmu kowa ya ji guntu, ni ma guntu na ji. An ce a nan ake jin duka.”

Na ce ba na jin ya dace. Ya ce, “Waɗannan da ke layi sun fi ni dacewa?” Ya miƙa wayarsa kamar kowa, ya cire takalmi ya shiga.

Na koma mazaunina ina kallonsa ta kyamara. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa kamar mai jiran liman. Muryarki ta fara. Bai sunkuyar da kai ba, ya kafe fuskarsa da ido. Da aka zo inda kike cewa ya waiwayo, sai na ji ya amsa da ƙarfi, shi kaɗai a ɗaki: “Na waiwayo.”

Daidai nan ne nake latsa maɓalli fuskata ta fito. Yatsana na kai, ban latsa ba. Kada ki ɗauka tuba na yi. Na duba ne kawai na ga babu inda zan tsaya a tsakaninku. Ya ji sauran duka, har inda kike cewa ba ki san yadda za ki sake kallonsa ba, har inda Gwaggo Indo ke kiranki kika katse. Bai yi kuka ba. Shi ne mutum na farko da ya shiga ɗakin nan bai duba ko kuka ya yi masa kyau ba.

Da ta ƙare ya dubi kyamara, ya san ina nan, ya ce, “Sake.” Na sake masa.

Ya fito ya sa takalmi. Na ce me zan rubuta miki. Ya ce, “Ba ke za ki faɗa mata ba.” Ruwa kawai ya sha. Ya ce zai tsaya Funtuwa wurin wani abokinsa, don kada ya zama ya yi miki ƙarya, sannan ya wuce gida.

Tun ranar ban buɗe ɗakin ba. Na gwada sa muryata a madadin taki, in ba da labarin Karare, na saurara na ji kamar mai karanta labarai. Malamai za su zo duba aikin a farkon Disamba. Ban ce na rufe ba, ban kuma ce na yi laifi ba. Ina dai jiran abin da za ki ce, wanda ban saba ba.

Surayya

*

Safana
21 ga Nuwamba, 2021

Surayya 'yar Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, ki karanta waccan ki haɗiye, ban janye ko kalma ɗaya ba. Baba lafiya. Haƙorin Yazid ya fito, ya fara gwada shi a kaina.

Muntasir ya dawo ranar Laraba da la'asar. Ina tankaɗe, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya ce, “Na ji duka. Yadda kika faɗa haka aka yi.”

Na ce, “Na sani, ina wurin.”

Ya ce ƙafarsa ce ta tafi da shi, da ya waiwayo ya ga na faɗa ramin sai ya ce wa kansa mun ɓuya, kuma ya san ƙarya yake yi wa kansa tun a lokacin. Na ce masa abin da ban faɗa ko a saƙonki ba: da ina kwance a ramin, ban yi masa addu'ar tsira ba. Ya ce ya cancanta. Na ce ba shi zai yanke wannan ba. Mun yi magana har dare, garin na nan a faranti, tuwo bai samu ba ranar. Ban ce miki an gyaru ba. Amma jiya ya koma rumfa, ya zauna a inda ya saba, dattijon nan ya sake dubansa, shi ma ya dube shi har dattijon ya kau da kai.

Kada ki kuskura ki sa wannan a cikin rahotonki. Ba ɗakinki ya yi ba, shi ya yi, da ƙafarsa.

Yanzu ga maganata, mun yi ta da shi ya ce muryata ce, in yi yadda na so. Safana ta riga ta ji, ba abin da rufewa za ta mayar mini. Ki buɗe ɗakin. Amma ki cire fuskarki. Ki cire ta masu kallon ma, ki kashe kyamarar, ki sauke allon nan daga bango. Su zauna su kalli siminti su saurara. Wanda ya zo don ya ga kansa yana kuka ya koma gidansu. A ƙofa kuma ki rubuta sunana cikakke, Bara'atu Maude, daga bayan Wagini. In malamanki sun ce ba madubi ba fasaha, ki ce su ba ki sifiri, ki zo in ba ki aji a Islamiyya.

Yafiya kuwa da saura, kada ki tambaye ni ita a wasiƙa.

Ranar da za su zo dubawa ina nan tafe, Ɗanjuma ya ce zai ajiye mini gidan gaba. Ni zan zauna a bakin ƙofar. Ni zan karɓi wayar kowa, in dube shi ido cikin ido, in na ga dama in ce ya shiga. Ki tanadar mini kujera mai jingina, da goyo zan zo.

Taubashiyarki,
Bara'atu Maude